Ran Fasinjan Kwalekwale Yana Hannun Bakaniken Fagge Da Ɗan Kasuwar Sabon Gari

Ranar Talata 30 ga watan Nuwamba na shekarar 2021, wani jirgin kwalekwale ya kife a madatsar ruwa ta Watari da ke Ƙaramar Hukumar Bagwai, yana ɗauke da 'yan makarantar Islamiyya waɗanda suka taso daga ƙauyen Badau za su wajen taron Maulidi. Aƙalla mutum 29 ne suka rasu, yawancinsu yara ƙanana. Allah Ya jiƙan su. Hukuma ta ɗora laifin a kan lodi fiye da ƙima, Gwamnatin Jihar Kano kuma ta dakatar da fito a wannan mashiga, ta kafa kwamitin bincike. Watanni shida kafin wannan, a ran 26 ga watan Mayu, wani jirgin da ya nufi kasuwar Warra ta Jihar Kebbi da mutane fiye da 150 ya nutse a kogin Kwara, 'yan kaɗan ne suka tsira. Sai na Patigi a watan Yuni na 2023, inda 'yan biki fiye da 100 suka halaka, sai na Gbajibo ta ƙasar Mokwa a daren 1 ga watan Oktoba na 2024, sai kuma na Goronyo a watan Agusta na 2025.

Duk lokacin da irin wannan masifa ta auku, magana uku ake ji daga bakin mahukunta: lodi ya yi yawa, an yi tafiyar dare, babu rigar ruwa. Ko shakka babu duk gaskiya ne, kuma babu mai hankalin da zai yi jayayya da su. To amma akwai wani abu na huɗu wanda ba safai ake ambatarsa ba, alhali kuwa shi ne ke tura jirgin, wato injin da aka rataya a bayansa. Jirgin da aka cika maƙil yana iya kai wa gaci muddin yana tafiya, goshinsa na fuskantar igiyar ruwa. Da zarar inji ya mutu a tsakiyar ruwa, sai jirgin ya juya ya ba igiya gefensa, iska ta yi ta kaɗa shi yadda ta so, fasinjoji su firgita su miƙe tsaye, nauyi ya koma ɓangare guda. Abin da ya rage kuma sai a ji shi a labarai. Masu bincike su zo su ƙirga kawuna su rubuta lodi, ba wanda zai tambayi dalilin da ya sa injin ya tsaya.

Mai karatu yana iya cewa, to ina ruwan Fagge da Sabon Gari da wannan batu, tun da babu kogin da jirgi ke bi a can? Ai kuwa da ruwansu dumu-dumu. Matuƙin da ke fito a Watari ko Tiga ko Challawa ta Ƙaraye, in fuloginsa ya mutu ko tiyonsa ya tsage, birni zai shigo, kuma a cikin birnin ma shagunan kayan inji na Sabon Gari da rumfunan kanikawa na Fagge zai nufa, inda ake sayar da janareto da injin ban ruwa da kayan babur. A nan zai sayi baƙin mai, a nan za a ce masa wannan shi ne na asali, wancan kuma mai sauƙin kuɗi ne amma yana aiki. A nan ne yaron da zai kwance masa kafireto ya koyi sana'a. Saboda haka abin da aka sayar a kan kanta a Sabon Gari ranar Litinin, shi ne zai nuna halinsa a tsakiyar dam ranar kasuwa.

A fara da mai. Yawancin injunan da ake ratayawa a kwalekwale a ƙasar nan, irin su Yamaha Enduro, masu bugu biyu ne, wato ba su da wurin zuba baƙin mai dabam kamar mota; a cikin fetur ake gauraya shi, kuma wannan ɗan man da ke tafe cikin fetur shi kaɗai ne ke hana fistin goguwa da jikin inji. Ga injuna da yawa ma'aunin shi ne kashi ɗaya na mai cikin kashi 50 na fetur. Wato tanki mai cin lita 25 rabin lita yake buƙata, jarka mai lita 20 kuma mililita 400. Sabon inji yakan nemi ninkin haka a awowinsa na farko, kuma kowane inji da abin da takardarsa ta faɗa. In mai ya yi kaɗan, fistin ya yi zafi ya kama, inji ya buga. In ya yi yawa, sai hayaƙi ya turnuƙe, fulogi ya yi baƙi ya daina ba da wuta. Duk da haka da wuya a ga matuƙin da ke da ma'auni a jirginsa. Da ido ake aunawa, ko da gwangwanin madara, ko kuma a tsiyaya har sai launin fetur ya yi yadda aka saba gani. Shi kansa man ma iri-iri ne. Wanda aka yi domin injin ruwa ana rubuta masa TC-W3 a jikin gora, kuma ya bambanta da na babur, domin injin babur iska ke sanyaya shi, zafinsa dabam ne. Ɗan kasuwar da ya miƙa wa matuƙi man mota ko ɗure na jabu, ya ce masa ai duk mai mai ne, haƙiƙa ya cuce shi, ya kuma cuci duk wanda zai hau jirginsa.

Shi kansa fetur ɗin abin dubawa ne. Babu gidan mai a bakin yawancin mashigai, don haka wajen 'yan bumburutu ake saye, a jarkar da ta sha rana ta sha ruwan sama. Ruwa ya fi fetur nauyi, sai ya kwanta a ƙasan tanki, daidai inda bakin tiyo ke zuƙa. Inji zai tashi lafiya lau a gaɓa da ɗan man da ya rage a kafireto, sai an yi nisa, jirgi ya fara tangaɗi, sannan ruwan ya shiga, inji ya yi tari ya mutu. Ba a manta da watan Fabrairu na 2022 ba, lokacin da aka shigo da gurɓataccen fetur mai yawan sinadarin methanol daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam, motoci suka yi ta lalacewa a manyan birane. Mai mota ya gangara gefen titi ya kira bakanike. Matuƙin jirgi kuwa ba shi da gefen titi. Maganin abin bai fi ƙarfin kowa ba: a tace mai da mazurari mai rariya, a bar jarka ta natsu kafin a juye, kada a tsiyaye na ƙarshenta cikin tanki, a riƙa buɗe matatar mai ta jikin inji ana zubar da ruwan da ya taru.

Akwai kuma wani ɗan ƙaramin abu da ke kunyata matuƙa da yawa. A kan murfin tanki akwai wani ɗan noti na shan iska. Ana rufe shi in za a ɗauki tanki, ana buɗe shi in za a tashi inji. In aka manta aka bar shi a rufe, mai na fita, iska ba ta maye gurbinsa, sai tanki ya tsuke, mai ya ƙi zuwa, inji ya tsaya bayan 'yan mintoci ba tare da wani ciwo ba. Haka nan ƙwallon robar da ake matsawa don jawo mai yana da kibiya a jikinsa, dole bakinta ya dubi inji. Tiyo kuma in rana ta gasa shi ya tsattsage, iska yake sha, mai kuma yake ɗiga. Ɗaure shi da tsinken robar tayar keke dabara ce ta kai wa gaɓa, amma abin takaici shi ne yadda dabarar yini ɗaya kan shekara a jikin jirgi.

Wannan ɗigar mai ita ce ta kawo maganar iska. Mutane da yawa sun ɗauka ruwan fetur ne ke kama wuta, alhali kuwa tururinsa ne. Shi kuwa tururin fetur ya fi iska nauyi ninki uku ko huɗu, saboda haka ba ya tashi sama ya watse; gangarawa yake yi ya kwanta a wuri mafi zurfi, kamar yadda ruwa ke neman kwari. A jirgi kuwa wuri mafi zurfi shi ne ƙarƙashin katakon daɓe, inda ba a gani. In tururin ya kai kamar kashi ɗaya da rabi cikin ɗari na iskar wurin, to tartsatsi ɗaya ya isa, ko na kan batir, ko na guntun taba, ko na kurfotin mai shayi. A zafin watan Afrilu da Mayu, lokacin da ma'auni kan haura digiri 40 a ƙasar Kano, tanki kumbura yake yi, tururi na fita ta kowace kafa. A watan Agusta na 2024 wani jirgin katako mai ɗaukar 'yan kasuwa ya kama wuta a Jihar Bayelsa, aƙalla mutum 20 suka mutu. A watan Afrilu na 2025 kuma, a kogin Kwango kusa da Mbandaka, wuta ta tashi a wani jirgi mai ɗauke da mai yayin da ake girki a cikinsa, mutane fiye da 100 suka halaka, waɗansu a wuta, waɗansu a ruwa.

A Amurka, jiragen fetur masu inji a rufe da aka ƙera daga shekarar 1980 dole ne su kasance da fankar da ke zuƙe iska daga ƙasan ɗakin inji, kuma ana koya wa kowane matuƙi ya kunna ta minti huɗu kafin ya tayar da inji. Kwalekwalen Bagwai a buɗe yake, ba ya buƙatar fanka, amma hikimar ɗaya ce. A sauke tanki a cika shi a gaɓa, nesa da fasinja. In mai ya zube a jirgi a goge, a ɗaga katakon daɓe a bar iska ta ratsa, matuƙi ya sunkuya ya shinshina kafin ya ja igiya, domin hanci na'ura ce da Allah Ya ba kowa kyauta. Kada a tura jarkokin mai ƙarƙashin buhuna a lulluɓe da tamfol. Manyan jiragen kaya da ake girka wa inji a ciki kuma a yi musu kafar iska biyu, ɗaya ta shiga, ɗaya ta fita, ta fitar kuma bakinta ya kai ƙasa inda tururin ke kwanciya. Ga kuma hayaƙin salansa, mai ɗauke da iskar guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, irin wadda ta sha kashe iyali guda a ɗaki saboda janareto. In an yi wa jirgi rumfa an rufe gefe da gefe saboda ruwan sama, mata da yaran da ke zaune kusa da inji su ne ke shaƙar ta, a ce jirin ruwa ne ke ɗibar su.

To, babbar magana ita ce ta sanyaya inji, kuma a nan ne hannun kanikawan birni ya fi fitowa. Injin babur da ƙaramin janareto iska ke sanyaya su. Mota tana da lagireto mai riƙe ruwansa. Injin kwalekwale kuwa daga cikin kogin yake shan ruwa, ta waɗansu 'yan ƙofofi masu rariya a ƙafarsa, sama kaɗan da farfela. A ciki akwai wani ɗan famfo mai fukafukai na roba, wanda bai fi tafin hannun yaro ba; shi ke tura ruwa ya hau ya kewaye kan inji, ya kwashe zafi, ya fita tare da hayaƙi. Wani ɗan siririn ruwa kuma yana tsartuwa ta bayan inji, wanda matuƙa kan kira fitsarin inji, kuma an yi shi ne musamman don ya zama shaida cewa famfo na aiki. Matuƙin kirki ba ya barin gaɓa sai ya ga wannan tsartuwa, kuma yana tafe yana waiwayenta. In ta yanke, ko ta koma ɗiga, ko ta zama tururi, to a rage wuta a kashe inji nan take a duba.

Wannan roba ruwa ne ke sa ta santsi, ruwa ne kuma ke hana ta ƙonewa. In aka tayar da inji a busashe, cikin abin da bai kai minti ɗaya ba fukafukanta sun soye. Yanzu a dubi abin da kan faru. Matuƙi ya ɗauko injinsa daga ƙauye ya kawo birni saboda ba ya tashi. Bakanike, wanda ya ƙware ƙwarai a kan babur da janareto, ya wanke kafireto, ya canja fulogi, ya jingina inji a jikin benci, ya ja igiya, inji ya ɗauka, ya yi ta ba shi wuta don mai kaya ya ji daɗi. Kowa ya yi murna, aka biya kuɗi. Ciwon da aka kawo ya warke, amma an koma gida da wanda ya fi shi, domin robar famfo ta riga ta ƙone ko ta raunana, kuma ba za ta tona asirin kanta ba sai inji ya ɗauki zafi da lodi a tsakiyar ruwa. Alhali abin da ake buƙata bai wuce durom guda na ruwa ba, a tsoma ƙafar injin har ruwa ya rufe ƙofofin shan ruwa sosai, sannan a ja igiya. Rumfar da babu durom a ƙofarta ba ta cancanci a kai mata injin ruwa ba, komai sunan maigidan.

Ruwan ƙasar nan ma ba ya raga wa wannan roba. Da damina jan ruwa yake zuwa da yashi, yashi kuma cin roba yake yi kamar magagari. Da rani ruwa ya ja baya, matuƙi ya kutsa cikin taɓo da inji a kunne, famfo ya zuƙi laka. Ga kainuwa, ga kachalla wadda ta addabi kwarin Haɗeja da Nguru, ga uwa uba leda. Duk wanda ya tsaya a bakin Jakara inda ta ratsa ta Fagge ya ga irin ledar da ruwa ke kwasa ya yi dam ɗin Wasai da ita, zai gane abin da kowace ƙorama ke kai wa kowace madatsa. Leda ɗaya in ta manne a ƙofar shan ruwa ta isa ta kashe inji mai tsadar gaske. Don haka ake so a canja robar famfo aƙalla sau ɗaya a shekara ko da ba ta nuna alama ba, a ruwa mai yashi ma fiye da haka, a kuma ajiye wata a jirgi. Waɗansu kanikawa kuma sukan cire na'urar daidaita zafi su yar, wai don inji ya sha ruwa sosai, kamar yadda aka saba yi wa mota. Injin da bai kai zafin da aka ƙera shi a kai ba mai yake sha, baƙi yake tarawa. Man giya na ƙafar inji shi ma a riƙa dubawa. In ya koma fari kamar nono, ruwa ya shiga, kuma sau da yawa zaren kamun kifi ne ya naɗe a bayan farfela ya yanke robar da ke tare ruwa.

Wani zai ce duk wannan zance ne na mai ƙoshi, kuma maganarsa tana da ƙamshin gaskiya. Tun da aka janye tallafin mai a ran 29 ga watan Mayu na 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura naira 1,000. Fasinjan ƙauye ba shi da abin ƙarawa. Saboda haka matuƙi ya ƙara lodi don sawu ɗaya ya biya mai, ya rage baƙin mai, ya sayi kayan gyara mafi araha, ya jinkirta gyara sai bayan girbi. Ashe lodi da rashin gyara uwarsu ɗaya. To amma in an zauna an yi lissafi, kuɗin robar famfo da gorar mai na asali ba su kai ko kusa da kuɗin sauke inji a canja fistin da ringi ba, balle asarar kwanakin da jirgi zai yi a ɗaure. Araha dai ba ta ado. Abin da talaucin ya nuna shi ne bai kamata a bar matuƙi shi kaɗai da wannan nauyi ba.

Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa ta Ƙasa, wato NIWA, wadda aka kafa a 1997 da hedkwata a Lakwaja, ta fito da ƙa'idojin sufurin ruwa na 2023, ta hana tafiyar dare, ta wajabta rigar ruwa, Gwamnatin Tarayya kuma ta yi ta raba riguna a jihohi. Madalla. Sai dai riga tana aiki ne bayan jirgi ya kife. Ya kamata duk jami'in da aka sa ƙirga fasinja a bakin ruwa a koya masa ya nemi ganin abu huɗu kafin jirgi ya tashi: tsartuwar ruwan inji, tiyon da ba ya ɗiga, filafili aƙalla biyu, da na'urar kashe gobara ko ma bokitin yashi. Wannan duba bai fi minti biyu ba. Sarakunan ruwa da shugabannin 'yan fito, waɗanda maganarsu ta fi ta kowane jami'i tasiri a mashiga, su ne suka fi dacewa a damƙa wa wannan aiki.

A birni kuwa, Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are tana nan Kano, ita ke riƙe da Tiga da Challawa. A Sabuwar Busa akwai kwalejin Gwamnatin Tarayya ta koyar da fasahar kamun kifi, a bakin tafkin Kainji. Ba abin wuya ba ne Gwamnatin Jiha ta haɗa kai da su a ɗauki kanikawa daga Fagge da matuƙa daga Bagwai da Bebeji da Ƙaraye a ba su horo na 'yan makonni a kan injin ruwa, a ba wanda ya ci takardar shaida ya rataya a rumfarsa, domin baƙo ya san inda zai dosa. A fassara takardar inji da Hausa, da boko da ajami, a buga ma'aunin mai a kan ɗan kwali a manna a jikin tanki. Hukumar SON mai kula da ingancin kaya kuma ta riƙa leƙa shagunan baƙin mai, ƙungiyoyin 'yan kasuwar Sabon Gari su ma su tsawata wa masu ɗure a cikinsu, tun da sun fi kowa sanin shagon da ake yi.

Lokacin da ya fi dacewa da wannan aiki shi ne bazara, tsakanin watan Maris da Mayu, sa'ad da ruwa ya ja baya, fito ya ragu, matuƙa suna da sararin sauke injunansu. In aka bari sai watan Agusta, madatsu sun cika, hanyoyin mota sun yanke, kowane jirgi yana sawu biyar ko shida a yini, babu matuƙin da zai yarda ya ajiye injinsa ko na kwana ɗaya.